Keken Rubutun da Aka Ba Ni Kyauta

Sakataren wani biro, wato ofishin gwamnati, a garinmu ya tashe ni daga gindin bishiyar bedin da na yi shekara bakwai ina zama, a gaban jama'a, ranar kasuwa. Ya ce daga ranar duk takardar da ta fito daga keken rubutuna ba za ta shiga biro ba, wai abin kyauta ba ya aikin gwamnati. Abin da ya yi mini ke nan, na faɗe shi tun farko don kada a ce na yi kewaye. Kuma mutumin nan benci ɗaya muka zauna da shi a lakwal, makarantar boko.

Ni a aji biyar na tsaya, babanmu ya ce gona tana jirana. Shi kuwa ɗan ajin nawa ya wuce Damagaram, ya dawo da takalmi sau ciki da alƙalami biyu a aljihun gaba. Ban ji haushi ba. To, na ji kaɗan.

Keken kuwa daga shekarun fari na same shi, lokacin da dabbobi suka ƙare a Damargu. Wasu Nasara masu rabon hatsi suka ɗauke ni tafinta, don ina da Faransancin da zai kai ni ya dawo da ni, ga Buzancin kasuwa. Da za su tafi, matar da take buga sunayen mutane ta dubi keken, ta ce nauyinsa ya fi amfaninsa, in ɗauka. Na ɗora shi a ka har gida.

Ƙarami ne, cikin akwati kore. Ƙararrawar da ke gaya wa mutum ya kai ƙarshen layi ba ta kaɗawa, sai dai ido. Hannun da ake turawa a koma sabon layi ya karye, wani maƙeri ya ɗaura mini ƙotar cokali a wurin. Kowace safiya ina share masa rairayi da gashin zabo, in ɗiga masa man keken ɗinki. Da yatsa biyu na koya, da yatsa biyu na ci abinci.

Me mutanen Tanut da ƙauyukanta suke nema kullum? Dimandi, wato takardar neman abu wurin hukuma: dimandin takardar haihuwa. Dimandin katin ɗan ƙasa. Sanarwar raƙumin da ya ɓata. Wasiƙa zuwa ga ɗa yana soja, ko ƙane da ya tafi Agadas aka daina jin labarinsa. Duk wannan kekena ya yi shi, kuma ba wanda ya taɓa tambayata nawa aka saye shi. Abin da ba ya iyawa ma zan faɗa. Babbar takarda mai faɗi, irin wadda ake jan layuka ana jera sunaye, ba ta shiga bakinsa. In na sa karbon ya wuce biyu, ta ƙasa ba ta karantuwa. Na biro, babba ne, sabo, yana yin duk wannan. Amma shi rairayi kaɗan ne zai shige shi ya tsaya, sai an kai shi Damagaram. A irin waɗannan makwanni sakatare kan fito da takardu a hammata.

"Ɗan ajinmu, tsohuwar nan taka har yanzu tana tari?"

"Tana tari, Mushe, amma ba ta taɓa kwana asibiti ba. Ina amaryarku?"

Mushe muke ce wa ma'aikacin gwamnati, daga Faransanci. Sai ya yi dariya ya ajiye mini takardun. Na buga wa biron nan wasiƙu da yawa, aka sa hatimi a kansu suka tafi, ba wanda ya ce sun yi warin kyauta.

Matsalar ta faro daga ƙyallen tawada, wanda haruffa ke bugawa su bar baƙi a takarda. Nawa ya bushe. Na juya shi, na sake naɗe shi, har rubutu ya koma kamar sawun kiyashi. Na yi wa direbobi saƙo. Ɗaya ya manta, ɗaya ya kawo wanda ya yi faɗi. Na roƙi sakatare ko da tsohon nasu ne, ya ce kayan gwamnati ba a fitar da su, ko sun mutu.

Maƙwabcina malami ne. Ina ganinsa kullum yana haɗa tawadarsa da gawayi da ƙaro, baƙa wuluk. Na karɓo kaɗan a kwalba, na warware ƙyallen na jiƙa shi, na shanya a inuwa, na mayar. Rubutu ya fito baƙi ƙirin, fiye da yadda yake tun asali. Sakatare da kansa ya ɗaga takarda ya ce, "Yau tsohuwa ta sa kwalli." Rani guda na yi ina aiki haka, ina jin ni ma wani ne.

Abin da ban tsaya na tuna ba, ni da na tashi ina shan rubutu tun ina yaro, shi ne tawadar malam an yi ta ne don ta wanku. Aikinta ke nan. A rubuta a allo, a zuba ruwa, ta sauka.

Wani dattijo Buzu ya zo daga arewacin Belbeji. Fari ya bar masa raƙuma uku da ƴan awaki, yana so ya haƙa rijiya a wani kwari inda kakanninsa suke sauka. Na buga masa dimandi, na sa sunan kwarin da abin da ke gabas da shi da yamma. Kwamanda, babban jami'in gwamnati mai mulkin yankin, ya rubuta amincewarsa a ƙasa da alƙalami, aka buga hatimi. Dattijo ya ninke takardar ya sa a jakar fata, ya rataye ta a jikin sirdi, ƙarƙashin salkar ruwa. Salka kuwa kowa ya san tana yoyo. Da ya fara haƙa, wasu suka ce kwarin nasu ne. Aka je gaban shugaban Buzayen yankin, dattijo ya buɗe takarda. Hatimi yana nan, sa hannun kwamanda yana nan, sauran duk toka-toka.

Kwana uku dattijo ya yi a hanya ya dawo biro da takardar. Ina zaune na ji muryar kwamanda ta taga yana yi wa sakatare faɗa, yana tambaya ta yaya aka sa shi ya sa hannu a kan takardar da ba ta riƙe rubutu. Can sakatare ya fito, fuskarsa duk zufa. Bai ce ɗan ajinmu ba. Ya ce, "Kai, mai keke." Ya faɗi abin da na riga na rubuta a sama, da ƙarfi, don na cikin biro ya ji. Gardin ƙofa ne ya ɗauke mini teburi, yana ɗauka yana cewa a hankali, "Ka yi haƙuri, Malam, aiko ni aka yi."

Dattijon ya biyo ni har bakin hanya. Na ɗauka zagi zan sha. Sai ya tsuguna ya ce, "Malam, rubutunka ƙishirwa yake ji. Ya ga ruwa ya bi."

Na ce, "Baba, laifina ne. Tawadar allo na sa."

Ya jinjina kai. "Da na sani da na shanye, ko albarka na samu."

Na karɓi takardar na ɗaga ta a rana. Haruffan ƙarfe sun lotsa takardar, kowace kalma tana nan da gurbinta. Na karanta masa dimandinsa tun daga sama har ƙasa, sunan kwari da komai. Washegari na hau babbar mota zuwa Damagaram, na yi yawo har na samo ƙyallen gaskiya wanda ya dace. Na dawo na sake buga dimandin. Na buga wata ta gwaji, na tsoma ta a bokiti a gaban gardi, na fito da ita rubutu bai motsa ba. Na ce ya shigar da duka biyun. Bai daɗe ba ya dawo mini da su. Ya ce Mushe bai ko duba ba.

Mutanen biro suka buga wa dattijo sabuwa da kekensu, kuma na ji daga baya ya haƙa rijiyarsa. Na yi murna da wannan, Allah ya sani. Ni dai ban koma gindin bedi ba. Wa zai kawo dimandi inda ba a karɓa? Na koma tasha ina buga wasiƙun gaisuwa, su ma ba kullum ba.

Na san tsoro ne ya sa sakatare ya yi haka. Yana da iyali, kuma kwamanda yana iya tura mutum can arewa inda ko lakwal babu. Ya nemi abin da zai jefa wa laifi, keken da ba shi da ubangida ya fi sauƙi. Na gane wannan. Ganewa dai ba ta mayar mini da teburina ba.

Wata Jumma'a bayan an sallame muka haɗu wajen neman takalma. Ya miƙo hannu yana kallon gefe, ya ce, "Ɗan ajinmu, ya aiki?" Na riƙe hannun ban saka ba.

Na ce, "Mushe, aiki yana inda ka bar shi. Magana ɗaya zan gaya maka. Ni na yi kuskure, ba keke ba, kuma na faɗa wa mai rijiya da bakina, na gyara da ƙafata. Da ka kira ni ciki ka zage ni a kan tawada, da na sunkuyar da kai, don na cancanta. Amma ka tsaya a gaban mutane ka ce abin kyauta ba ya aiki, alhali ka san yana yi, don da hannunka ka sha sa hatimi a kan abin da ya buga. Ka faɗi abin da ka san ba haka ba ne, ka raba ni da wurin zamana, don kawai faɗa ya wuce ta kanka. Ban ce ka maida ni ba. Ina so dai ka san na san ka sani."