Malamin Daji da Sunayen da Ya Ƙi Bayarwa

Haihuwa da Asali

A daminar shekarar 1946 aka haifi mutumin da daga baya aka fi sani da Malamin Daji, a wani ƙaramin gari da gonakinsa suke iyaka da dajin namun dawa. Mahaifinsa manomi ne kuma maharbi, mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce, shi ne na uku cikin 'ya'yansu biyar. Yana da shekara goma sha ɗaya hukuma ta mayar da dajin gandu, ta haramta farauta a cikinsa, kuma a gaban idonsa aka karɓe bindigar mahaifinsa aka ɗaure mahaifin wata shida, bayan wani maƙwabci ya kai sunansa ofis.

Neman Ilimi

Ya shiga firamare a 1954, ya wuce kwalejin horon malamai a 1962, ya kammala a 1966. Malamansa sun shaide shi da hazaƙa da taurin kai, kuma rayuwarsa ta tabbatar da cewa ba su yi masa ƙazafi a ko ɗaya ba. Ya koyar a firamaren garinsu har tsawon shekara shida.

Aiki da Hukumar Gandun Daji

A 1972 hukumar gandu ta ɗauke shi jami'in wayar da kan ƙauyukan da ke kewaye da dajin. Aka ba shi keke, da rajistar rubuta sunayen mahalarta, da ƙunshin hotunan wata giwa mai murmushi, a ƙarƙashinta an rubuta cewa giwa abokiyar manomi ce. Ƙauyen da ya fara zuwa kuwa, kwana biyu ke nan da giwaye suka tattake musu masara. Wata tsohuwa ta ƙare wa hoton kallo, ta ce, “Malam, in abokiyarka ce, ka kai ta gonarka.” Daga ranar ya juya hotunan, ya riƙa zane a bayansu. Ya kuma lura cewa da zarar ya buɗe rajista sai maza su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, a bar shi da mata da awaki, saboda haka ya jefa ta ƙasan akwati.

Tsarinsa shi ne ya fara da gona kafin daji. Yakan koya wa mutane shafe igiya da barkono da baƙin mai su kewaye gona da ita, su kuma jera amyar zuma a bakin shuka, domin giwa ba ta shiri da ƙudan zuma. Sai hatsi ya shiga rumbu sannan yake tayar da maganar tarkon waya, wanda ba ya bambanta barewa mai ciki da saniyar gari. Ya ajiye tsohuwar ganga a bayan bangon kowane aji, inda ba a hango ta daga wurin zama, ya yi alkawarin cewa duk wanda ya jefa tarkonsa a ciki babu mai jin sunansa. Cikin shekara tara, a ƙauyuka goma sha huɗu, an jefa tarko fiye da dubu biyu.

Aure da Iyali

A 1974 ya auri wata mai ɗinki, 'yar wani maƙeri, mace mai kaifin harshe wadda ita kaɗai take iya kayar da shi a gardama. Allah ya azurta su da 'ya'ya biyar tsakanin 1975 da 1988.

Saɓani da Hukuma

A 1981 aka tsinci gawar giwa a cikin gandu an cire haurenta. Sabon shugaban hukumar ya kira Malam ofishinsa, ya umarce shi da ya rubuto sunan duk wanda ya taɓa jefa waya a ganga, bisa hujjar cewa mai laifin ba zai wuce cikinsu ba. Magatakardan da ya halarci zaman ya ruwaito amsarsa kamar haka: “Yallaɓai, na san su, ba zan ce maka ban san su ba. Wanda ya kashe giwa ku nemo shi, aikinku ne. Amma ajina ba tarko ba ne, kuma ba za ka ji sunan ko ɗaya a bakina ba.”

Aka ba shi takardar tuhuma har sau uku, kowacce ya amsa ta da layi guda. Aka tsare shi kwana tara, aka dakatar da shi, sannan a 1982 aka sallame shi daga aiki, aka karɓe keken. Da ya iso gida a ƙasa, matarsa ta dube shi daga kan keken ɗinkinta, ta ce, “Keke dai suka karɓa, Malam, ƙafafunka na nan.” Ɗinkinta ne ya riƙe gidan shekara goma sha huɗu, shi kuwa ya ci gaba da zagaya ƙauyukan a ƙafa yana karantarwa a gindin bishiya.

Abin takaici ne, kuma wajibi ne a rubuta shi: jami'in da aka naɗa a madadinsa ya zo da rajistarsa a hammata, gangunan suka yi tsatsa babu waya ko ɗaya a ciki, tarkuna suka koma bakin mashaya. Wanda ya kashe giwar ma ba a taɓa kama shi ba.

Komawa Aiki da Shekarun Ƙarshe

A 1996 hukumar ta nemi ya dawo a matsayin mai ba da shawara, da sharaɗin cewa masu tallafa wa shirin wayar da kan suna buƙatar sunan kowane mahalarci da dangwalen yatsarsa. Ya ce su zo su ƙirga waya, in ba ta ishe su ba su nemi wani. Bayan wata huɗu ana ja-in-ja, hukumar ce ta sauko. Ya yi ritaya a 2006.

Ɗansa na biyu ya shiga aikin gadin gandu a 2001, ya zama shugaban masu gadi a 2014. A 2017 aka shirya karrama maharban da suka ajiye farauta, ɗan ya zo ya durƙusa a gabansa yana neman sunayen, ya ce, “Baba, yanzu ai ba kamu ba ne, karramawa ce.” Malam ya ce, “Shugaban da zai zo bayanka fa, shi ma karramawar zai yi? Takarda za ta fi ka daɗewa a ofishin nan.” Haka aka yi taron ba tare da sunan kowa ba, ɗan kuwa ya yi wata biyu yana fushi kafin ya huce.

Rasuwa da Jana'iza

Allah ya yi masa rasuwa da safiyar wata Alhamis a shekarar 2019, bayan gajeruwar jinya, yana da shekara saba'in da uku. An yi jana'izarsa a ranar, aka binne shi a maƙabartar garinsu. Waɗansu dattawa da suka taho daga ƙauyukan bakin daji su ne suka haƙa kabarin, ba su bar kowa ya taɓa musu diga ba. Hukumar gandu ta aiko da littafin ta'aziyya aka buɗe a ƙofar gida, dattawan suka bi ta gefensa suka wuce.

Ya rasu ya bar matarsa, da jikoki goma sha bakwai, da 'ya'ya biyar: babbar 'yarsa ungozoma, da malamin firamare, da mai kiwon zuma, da autarsu mai ɗinki, sai shugaban masu gadin gandu, wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da dattawan nan a bakin kabari, ya rufe littafin ta'aziyyar da hannunsa, bai tambayi sunan kowa ba.