Sunan Usman da ya tsaya mini a wuya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyar ban ce uffan a nan ba. Masu cigiyata ku yafe ni, jinya na yi.

Ina kan keken ɗinki a gidanmu na unguwar Ammariyya, nan ƙasa mai tsarki, hannuna na hagu ya ƙi ɗaguwa. Na buɗe baki in kira maigidana, harshe ya yi nauyi. A mustashfa, wato asibiti, aka ɗauki hoton kaina, aka ɗibi jini. Daktora ta ce shanyewar ɓarin jiki ce, hawan jini ya jawo. Kwana tara ina kwance. Inshora ba ta ɗauke komai ba, sai da keken ɗinkina ɗaya ya tafi a kuɗin magani.

Na ji tsoro. Cokali ya faɗi daga hannuna sai kuka.

Mai motsa mini jiki, wata Basudaniya, ta lura ko yaushe raina a ƙuntace yake. Ta ce bayan sallar asuba in zauna minti goma, in daidaita numfashi, in yi wa kaina fatan alheri, sai wanda nake so, sai wanda ban sani ba, a ƙarshe wanda na ƙullata.

Ukun farko ba wuya. Na huɗun ne ya gagara.

Ƙanena Usman ne. Shekara shida ba ma magana. Ya mayar da Umminmu Katsina ba da yardata ba, ranar na toshe lambarsa, na ce halas, shi ke nan, sai ya dawo da ita. Ummi ba ta riƙe waya. Bayan wata uku ta rasu.

Sati bakwai in na zo sunansa sai in tsallake shi. Ranar da na iya roƙa masa kwanciyar hankali har cikin zuciyata, na kira shi.

Bai yi mini gori ba. Ashe Ummi ce ta roƙe shi ya kai ta mahaifarta. Ya ce, "Yaya, kwana biyu kafin ta cika ta yi miki saƙon murya a wayata. Na tura, bai shiga ba. Wayar ma ta ɓace tuni."

Alhamdulillah, yanzu ina tafiya ba sanda, ina taɓa ɗinki. Allah ya saka wa maigidana da Basudaniyar nan da duk wanda ya yi mini addu'a.

Ku riƙa auna jininku. In hannu ya mutu ko baki ya karkace, yalla, maza asibiti, kar a jira. Wanda kuke fushi da shi, in kira ya yi nauyi, ku fara da yi masa addu'a, amma ku bar masa hanyar samunku.

Ni har yau ban san me Ummi ta ce mini ba.