Kwallin Inna da Hannuna na Dama

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan ban ɗora ko layi ɗaya a shafin nan ba. Masu tambaya ko na bar zane ne, ko maigida ne ya hana, ku yi haƙuri. Ba wanda ya hana ni. Hannuna na dama ne ya ƙi tashi.

Waɗanda muka daɗe tare sun san yadda nake aiki. In na gama hidimar safe sai in shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in yi ta zane a takarda ɗaya bayan ɗaya, in ɗauke su da waya, in jera su har su yi motsi. Zane goma sha biyu ke ba ni daƙiƙa guda.

Kun sha tambayata inda nake samun baƙin nan mai ƙyalli, ni kuwa rowa ta hana ni faɗa. To kwalli ne. Inna, mahaifiyata, ke sayo mini dutsensa ranar kasuwar Matameye, in niƙa da kaina, in kwaɓa da ƙaro. In zan ja siririn layi sai in sa bakin burushi a leɓena ya yi tsini. Shekara shida ina haka.

Da ciwon ciki abin ya fara. Murɗa, rashin fita bayan gida, ga ɗanɗanon ƙarfe a baki. Na sha maganin palu, wato zazzaɓin cizon sauro, na sha na tsutsar ciki. Na zama masifaffiya, kaza ma in ta taka mini takarda sai ta ji tarihin kakanninta.

Wata safiya ina cikin zane burushi ya suɓuce. Na sunkuya in ɗauka, sai na ga wuyan hannuna ya lanƙwashe kamar ganyen da ya yi yaushi. Na ce masa tashi, ya ƙi.

Na ji tsoro ƙwarai. Ban yi tunanin mutuwa ba, tunanin shekarun da zan yi ina kallon takarda ban iya taɓa ta ba na yi.

Sani, mijina, ya baro cin rani a Kano, muka hau mota zuwa asibitin Damagaram. An ɗebi jini, an ce ya yi ƙasa. An yi hoton ciki, ba a ga komai ba. Rana ta uku wani dattijon likita ya ce in buɗe baki, ya daɗe yana duba dasashina. Akwai wani shuɗin layi a gindin haƙora da ni ban taɓa lura da shi ba.

Ya ce, "Wace sana'a kike yi, 'yata?"

Na faɗa masa, har da alfahari, har da sirrin baƙina. Ya ajiye biro ya ce, "Dutsen nan dalma ce a cikinsa. Kin daɗe kina cin guba kaɗan-kaɗan."

Sai da aka aika jinina Yamai, muka jira mako biyu, kafin a tabbatar. Awo da magani da kuɗin mota sun cinye tumakina biyu da abin da Sani ya taro. Maganin wanke jinin yana sa tashin zuciya, kuma duk bayan 'yan kwanaki sai an duba ƙoda. Da na tambayi likita batun hannu, cewa ya yi, "Jijiya ba ta son gaggawa. Ba zan yi miki alkawari ba."

Inna ce ta fi ba ni tausayi. Ta zauna bakin gado ta ce, "Rabi, ni na riƙa kawo miki shi da hannuna."

Na ce, "Inna, ke don ido kika san shi. Ni ce na mai da shi abinci."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Muka dawo gida da ɗan katako ɗaure a hannu da motsin da aka koya mini. Wata biyu ina yi ban ga canji ba, ranar nan na ce na gaji, na bari. Inna ta ce ita tana ganin canji. Na ce son kai ne irin na uwa. Ba ta yi musu ba, ta ɗauko takardata ta manna a bango inda ranar safe ke bugawa, ta ce in ɗora hannu a kujera in ɗaga iya ƙarfina. Matar da ba ta taɓa riƙe fensir ba, ta bi inuwar hannuna da layi mai karkarwa.

Duk bayan mako biyu, ranar Juma'a, sai ta sake a sabuwar takarda, ta ɓoye ta a ƙarƙashin katifarta. Ban ƙara cewa na bari ba, don kunyarta nake ji.

Yanzu ina riƙe burushi, Alhamdu lillahi. Yatsu biyu ba su gama dawowa ba, layina bai kai na da ba. Ina godiya ga likitan da ya tambayi sana'ata, ga Sani da ya yi asarar rani guda bai taɓa goranta mini ba, da ku da kuka yi ta cigiyata.

'Yan'uwana masu zane, kada ku sa burushi a baki, ku ajiye ruwa a gwangwani. Ku wanke hannu kafin cin abinci. In kun je asibiti ku faɗi abin da kuke taɓawa kullum, ko ba a tambaye ku ba. Iyaye mata, likita ya ce a nisanta kwallin dutse daga jarirai, Inna da kanta ke bi gida-gida tana faɗa.

Makon jiya ta fito da takardun nan, na ƙirga, goma sha biyu cif. Na ɗauke su da waya na jera. Shi ne ɗan bidiyon da ke ƙasa, daƙiƙa ɗaya tak, hannu yana tashi.

Ban gyara layi ko ɗaya ba. Aikin Inna ne.