Ranar da na roƙi kujera a Aldwych

Shekarun baya, wata safiyar Asabar a flat ɗinmu na Landan, ƙarar cokali ce ta fito da ni daga kicin. Ƙyal, ƙyal, ƙyal a jikin kofi. Maigidana ne ke juya shayi, alhali sukarin ya daɗe da narkewa. Na san irin wannan juyin. Magana ce a bakinsa, yana neman ta inda zai fara.

Na ce, "Abban yara, kofin nan bai yi maka laifi ba. Faɗi."

A lokacin yana aiki a ofishin jakadancin ƙasarmu, ɓangaren hulɗa da jama'a. Ƙasarmu tana neman goyon bayan ƙawayenta a kan shirin tsare garuruwan bakin iyaka, domin waɗanda rikici ya kora su koma gida. Ya ce gwamnatin nan ba ta ƙi ba, amma ba za ta motsa ba sai mutanenta sun yarda, su kuwa mutanen sun gaji da jin labarin ƙasashen da ba su san inda suke ba. Shi ne aka shirya taro a wani zauren jami'a a Aldwych, da 'yan jarida da malamai da duk wanda ya ga dama. Maigidana ya ce wa ogansa masu kwat sun yi magana har sun gaji, a kawo mutumin yankin ya faɗi da bakinsa. Oga ya ce wa zai kawo. Ya ce matarsa.

"Ni? Ni da ko a walimar suna ba na iya ɗaga murya?"

"Garinku ne. Mahaifiyarki ce ta fito da ƙafa. Wa ya fi ki sani?"

Sai da na matsa masa ya faɗi sauran. Wa'adinsa ya kusa cika, kuma a kan wannan taron za a duba ko a ƙara masa ko a mayar da mu gida. Babbar 'yarmu tana da sikila, an fara mata wani magani a asibitin nan, ta yi watanni ba ta kwanta ba. Ban sake musu ba. Na ce Allah ya sa mu dace.

Na yi ta bita a gaban madubi da Turancina na sakandare. Yarinyar tana zaune a bakin gado tana gyara min furuci tana dariya. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa, kamar yawancin yaran nan.

Ranar taron na sa atamfata mai ruwan zuma, na yi addu'ar fita, muka hau bas. Da muka shiga zauren, fuska ɗaya ce ta kwantar min da hankali: ƙawata 'yar Ghana da muke haɗuwa a masallaci, ita aka ba aikin abinci. Ta kama hannuna ta ce, "Hajiya, hannunka sanyi kamar kifin firji! Ka yi bismilla kawai." Haka Hausarsu take, mace ma "ka" ce.

Oga ya yi jawabi, wani malamin jami'a ya yi, sannan aka kira ni, aka ce ga 'yar garin, mahaifiyarta na cikin waɗanda rikicin ya kora. Na tsaya a gaban makirfo, takardata a hannu. Kafin in fara, mai gabatarwa, wata Baturiya mai fara'a, ta so ta sa in saki jiki. Ta ce, "Kafin komai, yaya mutanen gida suke yanzu?"

Jama'a, bakina bai shawarce ni ba. Na yi murmushi na ce, "Lafiya lau suke, mun gode Allah. Kowa lafiya."

Me kuma zan ce? Tun ina ƙarama ban taɓa jin an gaida mutum a tsaye ya fara zayyano damuwarsa ba. Ko gawa ce a ɗaki, sai an ce lafiya, an shigo, an zauna, an sha ruwa, sannan a ce, "To, sai dai haƙuri."

Wani dattijon Bature mai jar hula a layin gaba ya ɗaga hannu. Ba da rashin kunya ba, amma muryarsa ta kai ko'ina. Ya ce, "Madam, ki gafarce ni. Tun ɗazu ake gaya mana ana cikin bala'i, ke kuma 'yar garin kin ce kowa lafiya. To me ake nema a wurinmu?"

Wasu suka yi dariya. Na ga 'yan jarida sun duƙa suna rubutu. Oga ya ƙura wa takalminsa ido. Maigidana yana tsaye a jikin bango, ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, gogewar da ba ta ƙarewa. Ni kuwa ba abin da nake gani sai ɗakin asibitin yarinyata da akwatunanmu a bakin ƙofa. Na duba takardar, haruffan suka ƙi tsayawa. Tsayuwar ta gagare ni, kuma gaskiya wannan ne ya sa na buɗe baki, ba dabara ba. Na ce, "Don Allah a ba ni kujera."

Ƙawata ce ta ratso mutane da kujerar roba a hannu ɗaya, kofin ruwa a ɗaya, tana cewa da ƙarfi, "Zauna, Hajiya, ka sha ruwa. Su jira!"

Na zauna, na yi bismilla, na sha. Da ruwan ya sauka sai na ji kamar a tsakar gidanmu nake. Na dubi dattijon na ce, "Baba, a garinmu ba a faɗa wa baƙo damuwa a tsaye. Tambayar farko gaisuwa ce, amsarta godiya ga Allah. Wanda yake so ya sani, zama yake yi ya sake tambaya. Ga shi na zauna. Sake tambayata."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Ya ce, "Yaya mahaifiyarki?"

Na ajiye takardar. Na gaya musu yadda ta fito da asuba da jikokinta, ta bar tukunya a kan wuta. Na gaya musu tana kwana a ajin wata makarantar firamare a garin da ba ta san kowa ba, da makullin ɗakinta ɗaure a bakin zani, alhali an ce mata ƙofar ma babu. Na ce duk sanda na kira ta, ita ma "lafiya lau" take cewa, sai dai in kasa kunne a bayan muryarta. Da, kukan awakinta nake ji da dakan maƙwabta. Yanzu tarin mutanen da ban sani ba nake ji.

Wata budurwa ta tambaye ni ko shirin gwamnatinmu zai yi aiki. Na san amsar da ke cikin takarda, amma na ce, "Wallahi ban sani ba. Ni matar gida ce. Abin da na sani, mahaifiyata ba abinci take roƙo ba, hanya take so ta koma ta yi shuka kafin damina." Ban yarda na kalli wajen Oga ba.

A bas, ina zaune kusa da maigidana ina ta istigfari a zuci. Mun kusa sauka wayarsa ta yi ƙara. Na ji yana ta "To, ranka ya daɗe. To, ranka ya daɗe." Da ya kashe ya dube ni ya ce, "Wani gidan rediyo a Marylebone suna son ki da safe. Wai a gaya miki sun tanadi kujera." Sai ya fashe da dariya har hawaye, ni kuma na rufe fuska da mayafi na yi nawa kukan.

An ƙara masa wa'adin, yarinyar ta ci gaba da maganinta. Ko maganata ta motsa wani abu a manyan ofisoshi, Allah kaɗai ya sani, ba zan yi wa kaina kirari ba. Mahaifiyata dai ta koma gida bayan damina biyu, ta sa an yi mata sabuwar ƙofa, ta ƙi yar da tsohon makullin.

Har yau idan na tuna, ajiyar zuciya nake yi. Na lura mutanen nan ba su ƙi mu ba, ba su dai san cewa akwai tambaya ta biyu ba, mu kuma ba mu taɓa gaya musu ba. Ban daina cewa lafiya lau ba, domin godiya ce, kuma ba ƙarya ba ce. Amma yanzu idan maƙwabciyata ta ce min komai daidai, ina ɗora butar shayi, in ce ta zauna.

Kwanaki kaɗan bayan taron, na gama waya da mahaifiyata, na tsaya a bakin taga ina kallon ruwan sama. Sai na ji ana jan wani abu a ƙasa. Yarinyata ce, ta jawo 'yar kujerarta ta roba har bayan ƙafafuna. Ta ɗaga kai, da Hausarta mai tuntuɓe ta ce:

"Mama, zauna tukuna. To, yanzu, yaya kike?"