Farar Fitila a Wurin Ciyayya

Mijin yayata mutum ne da ba ya iya ganin sabon abu ya kau da kai. Ma'aikacin ofis ne a jami'a, yana zaune a Mabera, kuma yana da wata tsohuwar mota da yake lallaɓawa fiye da yadda yake lallaɓa hawan jininsa. Da yake ni ƙanin matarsa ne, akwai wasa tsakaninmu. Ina faɗa masa duk abin da ya zo bakina, shi kuma ya rama da cewa har gobe ƙafa ce motata.

Shekarar da fararen fitilun nan na LED suka cika gari, bawan Allahn nan ya rasa sukuni. Ya ce duk wanda ya yi kiciɓis da shi a hanyar Kwalkwalawa da almuru sai ya wanke masa fuska da haske, shi kuwa tasa fitilar ja-ja take kamar aci-balbal, ko mai babur ba ya jin tsoronta. Na ce masa ai ta dace da shekarun motar da na mai ita. Bai yi dariya ba. Ranar wata Asabar da hantsi ya biyo ta gidanmu a Ƙofar Kware ya ɗauke ni, wai in raka shi wurin mai wayarin mota in ga yadda ake shiga zamani.

Na ɗauka fitilun gaba kaɗai za a sauya. Ina. Aka sauya na gaba, aka koma na baya, aka cire na birki da na sigina, aka bi ɗan ƙwan da ke haska lamba, sannan aka shiga ciki aka ɓalle murfin fitilar rufi. Har ta cikin but ɗin kaya sai da ya sa aka canza, ko da yake ban taɓa ganin abin da ake ajiyewa a can ba in ban da tsohuwar taya da buta. Da aka gama aka gwada sigina, sai ta kama ƙyafta ido da sauri kamar mai jin tsoro. Mai wayarin ya ce sababbin ƙwayayen ba sa jan wuta kamar tsofaffin, sai an ƙara wani ɗan abu kafin ta nutsu. Mijin yayata ya ce a bar ta haka, mutane su san sauri yake yi.

Abin da bai yi lissafinsa ba shi ne ranar Sakkwato. An kunna fitilun gaba da tsakar rana, ba wanda ya iya cewa a kunne suke ko a kashe. Ya durƙusa ya kare da tafin hannu, bai gamsu ba. A ƙarshe ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓa wa gaban motar, ya cusa kansa ciki. Ya daɗe a can kafin ya fito yana hawaye yana murmushi.

Mai wayarin ya ce masa, "Alhaji, ka dawo da marece mu saita su ga bango. Yadda suke yanzu, idon mutane za su bi, ba hanya ba."

Ya ce to, amma na san ba zai dawo ba, don yammacin ranar ya riga ya yi masa wani tanadi. Da ya sauke ni ya ce in gaya wa Baba zai kawo masa buhun shinkafar fadama bayan magariba.

A ƙofar gidanmu akwai ciyayya tun kafin a haife ni. In an fito daga sallar magariba, magidantan lungun sukan shimfiɗa tabarmi gindin bangon zaurenmu, kowa ya fito da kwanon tuwon gidansa a rufe, a tara a tsakiya a ci tare. Baba ne mai buɗe kwanoni da jera su. Ni ma tun da na yi aure aka ba ni gefen tabarma. Wurin duhu ne, don ƙwan da ke saman ƙofar zaure ya mutu da daɗewa. Na taɓa cewa zan sa mai aiki da hasken rana, Baba ya ce ƙwari zai tara masa a miya, kar in sake tayar da maganar.

Sai da na fara zama da su na gane dalili. A cikinsu akwai wani dattijo da muke kira Baba mai yadi, abokin Baba tun suna yara. A da rumfarsa a kasuwa ta fi ta kowa cika, ya aurar da 'ya'yan mutane da yawa da atamfarsa. Daga baya kasuwa ta juya masa baya, ya rage daga shi sai tsohuwar matarsa. Kullum yakan fito da kwanonsa a rufe, ya ajiye cikin sauran, ya yi bisimilla. Kwanon nan babu komai a ciki. Baba zai buɗe murafe yana ta surutu, hannunsa na yawo a duhu, malmala daga nan, miya daga can, kafin ka ankara kwanon ya zama kamar na kowa. In an tashi kuma abin da ya rage a ciki ya koma gida. Kowa ya sani, shi ma ya san an sani, amma ba wanda ya taɓa gani da idonsa. A kan wannan kaɗai dattijon yake iya fitowa cikin mutane, kuma a kansa matarsa take cin abincin dare.

Bisa al'ada mijin yayata a bakin lungu yake ajiye mota ya tako da ƙafa, saboda kunyar suruki. Ranar nan buhun shinkafa ya ba shi hujjar shigowa har ƙofa. Baba ya ɗaga murfin kwanon Baba mai yadi ke nan, sai motar ta karyo kwana.

Ban taɓa ganin lungunmu haka ba. Na ga tsagar bango, na ga ƙadangaren da ke barci a cikinta, na ga hular liman ta sha faci a baya. A tsakiyar tabarma kuma ga farin kwano wanke tas, gindinsa na mayar da haske. Na dubi Baba mai yadi, ya sunkuyar da kai, hannunsa da ya miƙo ya tsaya a hanya.

Mijin yayata ya hango surukinsa da dattawa cikin haske, sai ya rikice. Ya kai hannu zai kashe, ya ƙara babbar fitila. Ya sake lalube, sigina huɗu suka kama ƙyafce-ƙyafcensu na gaggawa. Ya buɗe ƙofa zai fito, fitilar rufi ta kunnu, muka gan shi fes, yana zufa yana neman takalminsa da zai cire don gaisuwa.

Baba ne ya fara magana. Ya sa hannu ɗaya ya rufe ido, ya ce, "Wa na wanga da yaz zo muna da rana bayan magariba? Ni dai ba ni ganin komi."

Liman ya karɓa, "Ni ma duhu nika gani, da wasu taurari."

Wani tela da ke zura zare a allura ba tabarau ya fi kowa kuka. Ya ce ko hannunsa ba ya gani, ya shiga lalube a tabarma, kuma cikin laluben nasa malmala guda ta faɗa inda ya kamata ta faɗa. Na lura duk cikinsu ba wanda ya ce wallahi. Haka dattawan nan suka yi ta makanta da murya sama, suna tsine wa zamani, har mijin yayata ya samu ya zare makulli duhu ya dawo.

Ya zo ya durƙusa yana ba da haƙuri. Baba ya sa masa albarka a kan shinkafa, ya ce motar kuwa daga yau iyakarta bakin lungu, ko buhun zinariya ta ɗauko. Da muke shigar da buhun zaure, ya raɗa mini, "Wai kwanon can na tsakiya..."

Na ce, "Kai ma hasken ya ɗauke maka ido."

Ya ce, "Ƙwarai. Ban ga komi ba." Ranar ban tsokane shi ba, kuma na ji washegari da sassafe ya koma aka saita fitilun suka dubi ƙasa.

Amma washegarin da aka fito magariba, Baba mai yadi bai zo ba. Ya yi sallarsa a sahun baya ya sulale gida. Aka jera kwanoni, ba wanda ya taɓa murfi. Tuwo ya fara hucewa, tela ya yi tari, liman ya kama jan carbi. Na ji haushin motar nan da mai ita da wanda ya ƙirƙiro ƙwan, har da kaina da na raka shi.

Baba ya miƙe. Na tashi zan bi shi, ya ce in zauna. Lungun da yake bi tun yana rarrafe, ranar nan sai da ya dafa bango yana tafiya, yana jan ƙafa, har ƙofar abokinsa. Gidan ba nisa, muna jin komai. Ya yi sallama ya ce, "Hito ka kama min hannu. Tun jiya idona bai koma ba, yaron ga ya gama da ni. In ba ka ja ni ba, nan zan kwana."

Har na fara fid da rai. Can sai muka ji ƙarar murfi a kan kwano. Suka taho a hankali, Baba mai yadi a gaba, kwano a hammata, ɗaya hannun riƙe da na Baba. Da suka matso na ji muryar Baba mai yadi.

"Kai da surukinka ku ka sani," in ji shi. "Ɗaga ƙahwa, ga kwata nan."