Ni Na Kashe Kifin Malam Habu

Da safen nan labarin ya iso mini, ina riƙe da kofin shayi. Auwalu ne ya bugo waya, ya ce babansu Malam Habu ya cika bayan asuba. Shayin na nan ya huce, na kasa sha.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ga har an fara zuba rubutu a kansa, wai mutum ne da ba ya faɗa da kowa. Ai kuwa yana faɗa. Duk wanda ya taɓa wanke injin feshi a kanal ɗin ban ruwa a gabansa ya san yana faɗa. Ni abin da zan rubuta abin kunyata ne, kuma ina rubutawa ina ƙyamar kaina.

A shekarun tamanin aka turo ni yankin Bunkure a matsayin malamin gona, sabon fitowa daga makaranta, ina ji da kaina. Malam Habu shi ne mai buɗe ƙofar ruwan da ke shayar da gonakin tumatir. Ya gan ni ina cin rogo da ƙuli a bakin kanal, ya ce, "Malamin gona, gidana akwai tuwo." Shekara biyu ina cin tuwon nan, bai taɓa nuna ya gaji ba.

A zaurensa akwai akwatin gilas cike da ruwa, da 'yan kifaye tara, jajaye da masu ratsi. Wani injiniya ne da ya gama aiki zai tafi ya bar masa. Mutanen gari suna ta yi masa dariya, wai yana kiwon kifin da ba ya shiga miya. Ko a jikinsa. Kowanne ya raɗa masa suna, har da wani mai ƙaton ciki da yake kira Sarkin Kasuwa.

Wata rana ya tsinko ciyawar ruwa daga kanal ya sa musu don ado. Ba a yi sati ba sai ga farin ɗigo-ɗigo a jikinsu, kamar an barbaɗa musu gishiri. Suka dinga goga jiki da duwatsu, wutsiya a tsuke, suna tasowa sama suna buɗe baki. Wani yauƙi-yauƙi yana fita daga jikinsu.

Malam Habu bai rikice ba. Ya ce injiniyan ya taɓa nuna masa. Ƙwaro ne ƙanƙani, kuma muddin yana manne a jikin kifin ba abin da zai taɓa shi. Sai ya ƙoshi ya faɗo ƙasa ya hayayyafa, sannan ake samunsa. Kullum da safe sai ya zuƙe ƙazantar ƙasan akwatin da siririn tiyo, ya rage ruwan, ya ƙara na rijiya wanda ya kwana a randa, ya narka ɗan gishiri a kofi ya zuba. Yakan cika kwalba da ruwan ɗumi ya tsoma, don zafi yana sa ƙwaron saurin saukowa.

Na tambaye shi kwana nawa za a yi ana wannan wahala. Ya ce, "Sati biyu, in Allah ya so."

Sati biyu, a kan ƙwaro? Ni da na yi karatu?

Ku da kuka taso a nan kun san halinmu. Komai feshi. Kuɗin cizo a katifa, feshi. Kaska a jikin saniya, feshi. Har kwarkwata na ga an shafa wa maganin tumatir a kan mutum. Ina hana manoma wannan ɗanyen aikin da bakina, ashe cutar tana cikin kaina.

Ranar kasuwa Malam Habu ya tafi Kura. Na shiga zauren, na zaro kwalbar maganin feshi daga jakata, na cika murfi ɗaya na zuba. A raina ina cewa zai dawo ya tarar na gama masa aikin sati biyu.

Ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Kifayen suka haukace, suna dukan gilas. Kafin in ɗebo bokiti, biyu sun juya ciki sama. Na kwashe ruwan, na sake wani. Duk a banza. Sarkin Kasuwa ne na ƙarshe.

Warin nan har yau in na shiga shagon maganin gona sai ya dawo mini da ranar.

Da la'asar ya dawo. Ya daɗe tsaye a gaban akwatin, ƙudaje sun fara taruwa. Can ya ce, "Ina jin gishirina ne ya yi yawa."

Ni kuma na ce, "Wataƙila."

Na faɗi haka, na wanke hannu, na zauna na ci tuwonsa. Tir da ni.

Kusan shekara arba'in ina ɗauke da wannan kalma. Ya zo ɗaurin aurena a kan keke. Da aka yi mini canjin wurin aiki, duk kaka sai ya aiko mini da busasshen tumatir. Ko sau ɗaya ban buɗe baki ba.

Bayan ƙaramar sallar nan na je gaishe shi. Ya rame, yana zaune a kan tabarma a zauren nan dai. Akwatin na gefe, an zuba irin albasa a ciki. Na durƙusa na ce, "Baba, kifin nan, ba gishiri ba ne. Ni ne."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Malamin gona, ni da nake yini a bakin kanal ne ban san warin feshi ba? Tun daga bakin ƙofa na ji."

Na ce to me ya sa ya ɗora wa kansa?

Ya ce, "Da na faɗa, kunya ba za ta bar ka ka dawo ba. Kifi sun riga sun tafi, sai kuma in rasa mai cin tuwona?"

Sannan ya ƙara da cewa, "Amma fa ka daɗe. Na zaci sati ɗaya za ka yi."

Ya Allah, bawanka Habu ya rufa mini asiri ina tsaye a kan laifina. Ka rufa masa nasa, ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa, ka ba iyalansa haƙuri.

Duk wanda ya karanta har nan, don Allah kada ya tsaya yaba mini wai na faɗi gaskiya, ban cancanta ba. Ya ɗaga hannu ya yi wa Malam Habu addu'a.