Island ɗin Lawan

"Baba, mene ne island?" 'yata ta tambaye ni jiya tana aikin gida. Ban ba ta amsa ba sai da na yi tsaki.

Lawan na tuna.

Muna firamare a Makoda, shekarun fari, gero ya bushe tun bai fitar da kai ba. Malaminmu ya ce island a Turanci shi ne tsibiri, ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Ya ce wa ya taɓa gani?

Na ɗaga hannu da sauri. "Malam, akwai suri a gonarmu, da damina ruwa yana kewaye shi."

Ya ce, "Bana ya kewaye shi?"

Aji ya fashe da dariya.

Sai ga Lawan, ɗan maƙwabcinmu, wanda babansa ya samu fili yana noman rani a dam ɗin Watari. Wai shi ya gani da idonsa, a tsakiyar ruwa, har da balbelu a kai. Malam ya miƙa masa alli ya zana mana. Yaro kumatu cike da tumatir da masara, yana ta zana ruwa har allo ya ƙare!

Sati guda ban kula shi ba. Ko ɗanyar masarar da ya kawo mini ban karɓa ba, ga yunwa tana cina.

Wallahi ba tsibirin nake masa ƙyashi ba. Ruwan ne.

Ku fa, me ɗan ajinku ya taɓa samu da ya tsaya muku a rai har yau?